Daminar da Na Fesa Kuɓewar Inna

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A ƙauyenmu, can gefen Getso, haka matan zamaninsu suke. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zaman hira da shi, ba a yi masa faɗa ido da ido. Ina yaro, idan na yi ɓarna, sai ta dubi bango ta ce akwai wani a gidan nan da zai gamu da babansa yau. Idan na gaishe ta, ta amsa a gajarce tana kallon wani gefe. Da na girma na sami aikin koyarwa a Kabo, sai sunana ya koma mutumin Kabo. Duk abin da take so in sani, autarmu take gaya wa, autar kuma ta juyo ta gaya mini, sau da yawa ina tsugune a bakin ƙofa ina jin komai da kunnena. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba. Ina ma zargin ni ta fi so a cikinmu, maganar da autar ba ta yarda da ita ba har gobe.

Bayan rasuwar Baba da shekara biyu idanun Inna suka fara tafiya. Muka kai ta asibitin ido a Kano, likita ya haska ya sake haskawa, ya ce mun makara. Daga nan ayyukanta suka riƙa zamewa daga hannunta ɗaya bayan ɗaya. Girki ya fara tafiya, ranar da gefen zanenta ya kama da wuta. Matar ƙanina, wadda ke zaune da ita tun da mijin ya tafi neman abinci kudu, ta karɓi murhu. Sai daka, sai ɗiban ruwa, sai zuwa suna da gaisuwar mutuwa ita kaɗai. Abu ɗaya ya rage mata wanda ba ta neman hannun kowa a cikinsa, shi ne 'yar kuɓewarta da ke cikin kangon da ke jikin ɗakinta, layi bakwai zagaye da darni.

A garinmu idan aka ce tsohuwa ta zauna, kowa ya san abin da ake nufi. Ba ciwo ne ke kwantar da su ba. Aiki ne ke ƙare musu, sai su shimfiɗa tabarma a ƙuryar ɗaki, ƙafa ta yi nauyi, magana ta ragu, daga nan sai jiran lokaci. Na ga kakata ta yi haka, na ga gwaggona ta yi. Wannan kuɓewar ita ce ta hana Inna zama. Yanzu na san haka sarai, har ina iya koya wa wani. A lokacin kuwa, da iliminmu da takardunmu, kallon wahala nake yi mata.

Akwai wata tsutsa da ke kama kuɓewa idan damina ta yi tsakiya. Koriya ce shar, mai baƙin kai, jikinta har ɗan sheƙi yake yi. Ba ta cin ganye a fili kamar sauran. Sai ta tsaga gefen ganyen, ta naɗe shi kamar yadda mai ƙosai ke naɗe takarda, ta ɗinke da wani farin zare daga bakinta, ta shige ciki ta yi zamanta tana ci. Idan ka warware naɗin za ka tarar da ita da baƙin kashinta, tana jin iska ta fara zillo da baya da baya. In ta ƙoshi sai ta daskare a ciki ta zama ja, bayan kwanaki ta fashe, wani ɗan malam-buɗe-littafi ya fito, fari-fari mai ratsin ruwan ƙasa. Shi ba ya son rana. Ƙarƙashin ganye yake laɓewa, sai an girgiza shukar ya tashi a rikice ya sake faɗawa wani ganyen.

Wannan tsutsar ita ce abokiyar aikin Inna. Da ta idar da sallar asuba ta gama lazimi, gari ya fara haske, sai ta ɗauki ƙoƙonta ta bi bango da hannu har bakin darni. Daga nan ba ta buƙatar bango. Ta san kowace shuka. Takan fara daga gindi ta bi kara zuwa sama, tana shafa ganye ɗaya bayan ɗaya, raɓa na jiƙa mata zane. Inda yatsanta ya ci karo da naɗi sai ta ɗan matsa shi. Da matsawar nan take gane ko tsutsa ce a ciki, ko ta riga ta daskare, ko mai gidan ya tashi ya bar kango. Mu masu ido sai mun buɗe muke sani. Mai tsutsa ta tsinke ta jefa a ƙoƙo, ta wuce gaba. Kafin rana ta yi zafi ta gama layi shida, ta fito kaji na bin ta suna tattaka mata ƙafa, ta zauna a kan turmi tana warware musu naɗin tana yi musu faɗa, wannan ta cika haɗama, waccan ba ta da kunya.

Layi na bakwai, na jikin darni, ba ta taɓa shi. Ta gaya wa auta cewa na zanzaro ne. A saman ƙofar ɗakinta akwai gidajen zanzaro na laka a jere, kuma duk wanda ya kai musu tsintsiya ya shiga uku. Zanzaron yakan shiga kuɓewar, ya zura kai cikin naɗin, ya jawo tsutsar, ya taho da ita a rataye ya cusa cikin gidansa ya liƙe. Inna ta yi imani tsutsar ce ke rikiɗa ta zama ɗansa. Na taɓa yi wa auta bayani a gabanta, da muryar aji, cewa ƙwai yake sakawa a ciki, tsutsar abincin ɗansa ce. Inna ta dubi inda take zaton bango yake, ta ce ko ma dai yaya ne, mai iyali ne, a bar masa rabonsa. Da idonta ya tafi, da kunne take bin sa. Tana jin zirga-zirgarsa ta san rana ta ɗaga, ta kuma san akwai tsutsa a layin darni.

Abin da ya ɓata lamarin magana ce guda, kuma wanda ya yi ta ba da mugun nufi ya yi ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tsaya gaida wani dattijo, aminin Baba. Mutum ne mai barkwanci. A gaban jama'a ya riƙe hannuna ya ce ya wuto ta bayan kangonmu da sassafe, ya hangi tsohuwa tana lalube cikin raɓa, sai ya ce a ransa ashe malamin Kabo bai fara ɗaukar albashi ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma ina da wani hali da ban yi alfahari da shi ba, magana ba ta wuce ni, sai in kwana ina juya ta. Da na koma gida na dubi hannuwan Inna da kyau, abin da rabona da yi an daɗe. Ƙaiƙayin kuɓewa ya farfasa su, tun daga yatsu har gwiwar hannu duk sawun susa ne. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, na kuma kasa raba wanne ne wanne.

A makarantarmu akwai malamin aikin gona, mutumin kudancin Kaduna, wanda muke raba benci ɗaya a ofis. Na kai masa ganye guda a leda. Ya warware, ya yi murmushi, ya ce ya san ta, ita ce ke naɗe ganyen auduga ma. Ya tambaye ni girman gonar. Da na ce layi bakwai, sai ya kwashe da dariya ya ce wannan ai ba ta kai a sayo mata magani ba. Ya ce kuɓewa tana jure rasa ganye, in dai ana tsincewa da hannu ya wadatar, ragowar kuma tsuntsaye da zanzaro da gizo-gizo za su ji da su. Feshi kuwa, in ji shi, ba ya tambayar wane ne ɓarawo wane ne mai gadi. Ya ce duk wanda ke tsince mana ita ya san aikinsa, in gaishe shi. Na ce masa uwata ce, kuma ba ta gani. Ya ce to in tambaye ta tukuna.

In tambaye ta. Mutumin kirki ne, shekararsa goma sha a cikinmu, Hausarsa ta fi ta wasunmu, amma bai san cewa ɗan fari ba ya zama ya tambayi uwarsa ra'ayinta ba. Hanyata ɗaya ce, auta, ita kuma a wannan daminar tana Durun a gidan mijinta da tsohon ciki mai laulayi, an hana ta hawa babur. Da na so, da na kira ta a waya. Ban kira ba, domin na san bakinta, na kuma riga na yanke abin da zan yi.

Ran Asabar na biya ta kasuwar Gwarzo na sayi famfon feshi na goyo da kwalbar magani. Na iso gida da la'asar, Inna na ɗaki. Na dama, na goya, na bi layi bakwai ɗin nan kaf, har da na darni, har darnin kansa na yi wa wanka. Warin ya cika gidan. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya ina gaya wa matar ƙanina, yadda Inna za ta ji, cewa kada kowa ya shiga kangon sai bayan kwana uku, kada a ba kaji komai daga ciki, kuma daga yau an hutar da tsohuwa. Na ƙara da cewa tunda tana yawan murza ido da hannu, ko ɗiban kuɓewar ma a bar wa mai ido. Na hau babur ina jin kaina ɗa na gari.

Matar ƙanina ce ta ba ni labari daga baya, da na matsa mata. Ta ce a rana ta huɗu Inna ta ɗauki ƙoƙo ta shiga. Ta daɗe fiye da kullum. Ta bi layi shida, ta koma ta sake bin su, sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga na bakwai. Ta fito da ƙoƙo wayam, kaji na biye da ita. Ta zauna a kan turmi ta ba su haƙuri.

Ni kuma na ɗauki abin da zafi. Duk bayan mako biyu sai na zo na sake fesawa, wai kada su dawo. In ruwan sama ya sauka washegari, sai in aiko a ce lissafin kwanakin ya canza. Tsohuwar da ba ta gani, ba ta da kalanda, sai ta rasa yaushe ne aka yarda ta shiga, yaushe ne aka hana. Da farko takan tambayi surukarta ko yau ana shiga. Ita kuma yarinyar, don tsoron kada wani abu ya faru a ce ita ce, kullum sai ta ce a bari sai gobe. A hankali Inna ta daina tambaya.

Sau ɗaya ta yi magana. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke famfon, sai na ji muryarta daga bakin ƙofa tana cewa akwai wani da ke wahalar da bayansa da goyon kaya, alhali ba a aike shi ba. Iyakar abin da al'ada ta ba ta dama ke nan, kuma ta yi amfani da shi har ƙarshe. Ni da na tashi cikin irin wannan magana, na san nauyinta, na san in Inna ta ce wani to an kai maƙura. Amma ina cikin daɗin kaina. Na dubi bango ni ma, na ce ai ba wata wahala, lada ake nema. Har yau idan na tuna da amsar nan sai in ji kamar in tashi in bar wurin da nake zaune.

Alamu kuwa ba irin waɗanda ban gani ba. Tabarmarta ta tashi daga bakin ƙofa ta koma ciki. Kaji suka daina taruwa a gindin turmi. A saman ƙofa akwai wani gidan zanzaro da aka fara aka bari, bakinsa a buɗe, lakar ta bushe. Wata Asabar na ji ta tana tambayar surukarta ko an share gidajen ne, don ta kwana biyu ba ta ji motsinsu ba. Aka ce mata suna nan. Ta ce to, ta juya ta fuskanci bango. Duk na gani, na ce a raina hutu ne take yi, ai ta sha wahala a duniya.

Kuɓewa kuwa ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Ganye fato-fato, ko huda babu. Aka ci ɗanya, aka yanka aka shanya, aka kai wa maƙwabta. Dattijon nan ya tare ni ya ce yanzu ya tabbata ana biyan malamai. Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

Auta ta zo da kaka, bayan ta yi arba'in, da jaririyarta a baya. Ina gida ranar. Ta shiga ɗakin Inna da guɗarta da surutunta, sai na ji surutun ya mutu. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ce in zo zaure. Tun da aka haife ta ba ta taɓa kirana gefe ba, ni ke kiran ta.

"Yaya, yaushe rabon Inna da ta taka tsakar gida da ƙafarta?"

Na ce ai tana fitowa alwala. Ta ce a ɗaki ake kai mata ruwa, wata guda ke nan. Ta ce ta kama ta za ta tayar da ita, ƙafafun suka ƙi ɗaukarta. Ta ce duk wayar da suke yi Inna ba ta taɓa faɗa mata ba, domin wayar ta surukarta ce, a tsaye take a kanta har a gama, kuma Inna ba za ta kai ƙarar ɗan farinta a gaban matar ƙaninsa ba. Na fara kawo maganar hannuwanta, da maganar mutane, da cewa don ita na yi. Auta ta katse ni.

"Na tambaye ta me ya sa ba ta hana ka ba. Ka san abin da ta ce? Ta ce tun da ta haife ka ba ta taɓa iya yi maka komai a fili ba, yau kai ka yi mata abu a fili, da wane baki za ta ce ba ta so?"

Na zauna a dakalin zauren har aka kira magariba.

Duk ranin nan na yi ta ƙoƙarin gyara ɓarnata. Na kawo gyaɗa a buhu na ce a ba ta ta ɓare. Ta ɓare kwano ɗaya ta ture, don ta san akwai inji a gari, ta san aikin ƙirƙira ne aka kawo mata kamar yadda ake ba yaro wasa. Na sayo sanda mai kyau, ta sa aka jingine ta a bayan ƙofa. Auta ta riƙa zuwa tana gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi, tana tallabe ta zuwa bakin ƙofa ta sha hantsi. Wani lokaci ta yarda, wani lokaci ta ce a ƙyale ta. Ni dai na ɗora duk begena a kan damina. Na ce da tsutsa ta dawo, Inna za ta tashi.

Ruwa na sauka na shuka layi bakwai da irinta, wanda take ajiyewa a cikin gora. Na rataye famfon a rumbu na rantse ba zan ƙara taɓa shi ba. Ban taɓa jin manomin da ya yi addu'ar tsutsa ta kama masa shuka ba sai ni. Duk Asabar kafin in gaida kowa sai na shiga kangon na duba ganye ɗaya bayan ɗaya. Makonni suka wuce babu komai, har na fara tsoron ko na kashe su har zuriya. Sai wata safiya na girgiza wata shuka, ɗan farin nan mai ratsi ya tashi ya faɗa gaba. Bayan mako biyu naɗi ya cika layi uku, har na ga zanzaro guda yana shawagi a jikin darni. Na tsaya a wurin ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Inna ba ta ga kakar wannan shekarar ba, Allah ya ji ƙanta. Ta rasu ana saura kwanaki a fara yankan gero, cikin sauƙi, ba tare da wani ciwo da za a nuna ba. Mutane suka ce tsufa ne, na bar su a kan haka. Shekaru sun wuce yanzu, amma idan na kwana a gidan da damina, na fito da sassafe, sai in ji kamar ƙarar zane yana gogar jiƙaƙƙen ganye a cikin kangon. Na san ba kowa. Duk da haka ba na iya leƙawa sai rana ta fito sosai.

Ranar da na ga naɗin nan, na hau babur na tafi Durun na ɗauko auta, ko mayafin kirki ban bari ta tsaya nema ba. Ta shiga ɗakin, ni na tsuguna a bakin ƙofa inda na saba. Na ce ta gaya wa Inna tsutsa ta dawo, ta kama layi uku, mu kuma ba mu iya tsince ta ba, sai mun yi ta ɓarnar ganye. Na ce ta gaya mata ƙoƙonta na nan an wanke, in ƙafa ce za mu riƙe ta mu biyu, in ta gaji a kai mata kujera har cikin layi. Auta ta maimaita duka, ta ƙara da nata. Inna na kwance ta ba mu baya. Har na zaci barci ya ɗauke ta. Sannan ta yi magana a hankali, ba fushi a muryarta ko kaɗan.

"Ki ce wa mutumin Kabo ya fesa. Kada kuɓewar ta lalace."

Auta ta juyo ta dube ni, ta buɗe baki za ta maimaita kamar yadda ta saba, ta kasa. Na jira ko Inna za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Saƙon uwa ne, kuma shi kaɗai ta taɓa aiko mini a kan wannan kangon. Na tashi na je rumbu na sauko da famfon, na kakkaɓe ƙurar da ke jikinsa, na goya.